Rita Hayworth: matar da Hollywood ta ƙera ta sayar, kuma ta kasa gane ciwonta

Ranar 1 ga watan Yulin 1946 wani jirgin yaƙin Amurka ya saki bam ɗin nukiliya a tsibirin Bikini da ke can tsakiyar tekun Fasifik, gwaji ne ba yaƙi ba, ko shekara ba a cika ba da abin da aka yi wa Hiroshima da Nagasaki, kuma sai da aka kwashe mutanen tsibirin su 167 aka raba su da garinsu kafin a yi. Toh a jikin wannan bam ɗin an manna hoton wata mata an rubuta suna Gilda. Matar Rita Hayworth ce, Gilda kuma sunan da ta fito da shi ne a wani fim da aka saki 'yan watanni kafin nan wanda ya rikita Amurka gaba ɗaya. Su waɗanda suka manna hoton a wajensu yabo ne, wai kyanta tashin bam yake. Mijinta na lokacin Orson Welles ya ba da labari daga baya cewa da ta ji ranta ya yi mummunan ɓaci, ta so ta tafi Washington ta tara 'yan jarida ta ce ba da yawunta aka yi ba, amma mai kamfanin da take wa aiki, Harry Cohn, ya hana, ya ce za a ce ba ta da kishin ƙasa. Shi kenan ta haɗiye ta yi shiru.

Abun da ya sa na fara da wannan shi ne kusan duk rayuwar baiwar Allahn nan haka ta tafi. Fuskarta ce, jikinta ne, amma wasu ne suke yanke inda za a kai su da abin da za a yi da su. Kuma ni a ganina wannan shi ne ya kai ga abin da ya fi komai ciwo a labarinta, wato lokacin da ciwon mantuwa ya kama ta aka ɗau shekaru ana cewa giya ce kawai, don an riga an gama yanke hukuncin wace irin mace ce tun daga abin da aka gani a majigi.

Sunanta na yanka Margarita Carmen Cansino, an haife ta 17 ga Oktoban 1918 a Brooklyn cikin birnin New York. Babanta Eduardo Cansino ɗan Sifaniya ne daga wani gari kusa da Sabil, gidansu gidan rawa ne gaba da baya, kakanta Antonio ma sananne ne a rawar gargajiyar Sifaniya. Uwarta Volga Hayworth ita ma 'yar rawa ce, asalinsu Ingila da Ailan. Tun tana 'yar shekara uku da wani abu aka sa ta a koyon rawa, kullum, babu hutu, kuma ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa ba wani son abin take ba amma ba ta da ƙarfin halin gaya wa babanta. A 1927 suka koma Hollywood uban ya buɗe makarantar rawa, sai ga karayar tattalin arzikin da ta faɗa wa Amurka daga 1929, harka ta tsaya cak, mutumin da bai ci ba ina zai biya kuɗin koyon rawa. Mafitar da uban ya samo ita ce ya mai da 'yarsa abokiyar rawarsa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu zuwa sha uku, aka rina mata gashi baƙi wuluk, aka shafa mata jan baki don ta yi kama da babbar mace, kuma da yake dokar Kalifoniya ba ta yarda yara su yi aiki a gidajen giya da na rawar dare ba sai yake tsallaka boda da ita zuwa Tijuana a Meziko inda Amurkawa masu kuɗi suke zuwa caca da shaye-shaye. Karatu kuwa ko sakandare ba ta gama ba.

Akwai wani abu mai nauyi da aka faɗa game da waɗannan shekarun. Marubuciya Barbara Leaming a littafin tarihin Rita da ta fitar a 1989 ta kawo cewa Orson Welles ya gaya mata Rita ta shaida masa babanta ya riƙa lalata da ita a wancan lokacin. Ta bakin Welles maganar ta fito, littafin kuma bai fito ba sai bayan ita Rita ta rasu. Amma ko an ajiye wannan a gefe, abin da kowa ya yarda da shi ya isa: yarinya ce da aka cire daga makaranta aka sa ta ciyar da gida da rawa a gaban manyan maza cikin dare, ta tashi mai tsananin kunya, ba ta iya ɗaga murya, ta saba namiji ya ce yi ta yi. Duk wanda ya yi aiki da ita daga baya abin da yake faɗa kenan, cewa in an kashe kyamara za ka ganta a gefe shiru kamar ba ita ba.

A ɗaya daga cikin wuraren rawar nan ne wani babba a kamfanin Fox mai suna Winfield Sheehan ya ganta ya ba ta kwantiragin wata shida. Aka gajarta sunan ya koma Rita Cansino, aka riƙa ba ta ƙananan fitowa, yau 'yar Masar ce gobe 'yar Ajantina, duk inda ake neman baƙuwar fuska mai baƙin gashi da za ta yi rawa ta wuce. Da Fox ya haɗe da wani kamfani Darryl Zanuck ya karɓi ragama, ya duba ya ce ba ya buƙatarta. Nan ne Edward Judson ya shigo, wani ɗan buga-buga da ya ninka ta a shekaru har da ɗoriya, ya aure ta a 1937 tana da shekara 18, kuma gaskiya auren ya fi kama da zuba jari. Shi ya nemo mata kwantiragi a kamfanin Columbia wajen Harry Cohn, shi yake zaɓar kayan da za ta sa, shi yake kai ta manyan wuraren cin abinci ya zaunar da ita inda masu hoto za su gani.

Yanzu ga aikin da aka yi a jikinta, a tsaya a duba shi da kyau. Cohn ya ce ta cika kama da 'yan Sifaniya, irin wannan fuskar ba za ta wuce ƙananan fitowa ba. Sai aka ɗauki sunan gidan uwarta aka maƙala mata, ta zama Rita Hayworth. Gashin goshinta ya sauko ƙasa sosai, toh sai aka kai ta inda ake cire gashi da lantarki, a soka siririyar allura a gindin gashi a sake mata wuta a kashe saiwar, ɗaya bayan ɗaya, sili-sili, zama bayan zama na tsawon watanni, har sai da goshin ya buɗe ya yi faɗi. Abu ne mai zafi. Sannan aka rina gashin ya koma ja, wannan jan gashin da duniya ta santa da shi. Abin da zai ba ka mamaki kamfanin bai ma ɓoye ba, mujallu sun riƙa buga hotonta na da da na yanzu gefe da gefe ana nuna yadda aka gyara ta, wato gyaran ma kansa talla ne. Saƙon da yake ciki a fili yake, a Amurkar wancan zamanin 'yar Cansino za ta iya rawa a bayan fage amma sai 'yar Hayworth ce za ta tsaya a gaba.

Don a gane me ya sa mutum zai yarda da irin wannan sai an san yadda Hollywood take a lokacin. Manyan kamfanoni ƙalilan ne suka riƙe komai, su ke da wajen ɗaukar fim, su ke rarraba shi, manyan cikinsu har gidajen silima nasu ne. Ɗan wasa yana sa hannu a kwantiragin shekara bakwai, amma kamfani ne kaɗai yake da damar sallamarsa in ya ga dama, shi ba shi da damar tafiya. Albashi ake biyansa duk sati. Fim ɗin da aka ba shi shi zai yi, in ya ƙi a dakatar da shi babu albashi, kuma a ƙara kwanakin dakatarwar a ƙarshen kwantiragin, kenan shekara bakwai tana iya zama tara ko goma. Sannan kamfani yana iya ba da aron ɗan wasa ga wani kamfanin ya karɓi kuɗi mai tsoka shi kuma ɗan wasan albashinsa na kullum zai gani, kamar mai babur ne ya ba da shi haya, balas na mai babur ne, shi babur mai kawai ake zuba masa. Sai a 1944 Olivia de Havilland ta kai Warner Bros. kotu ta yi nasara aka hana wannan ƙarin kwanakin, sannan a 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen silimarsu, daga nan tsarin ya fara rushewa. Rita ta yi ganiyarta ne daidai lokacin da tsarin yake da ƙarfinsa, kuma a ƙarƙashin mutumin da ko a cikin masu kamfanonin an san shi da zafin hali da baƙar magana. Columbia ba ta kai MGM ko Paramount girma ba, ba ta da taurari da yawa, don haka Rita ce babbar kadararta, Cohn kuwa haka ya riƙe ta. An sha faɗa cewa har na'urar sauraron magana ya sa aka dasa a ɗakin da take canja kaya, kuma ya taɓa dakatar da ita babu albashi don ta ƙi wani fim.

Amma fa kar a ɗauka duk abin rini ne da allura. Nan ne nake saɓawa da masu ba da labarinta kamar wata 'yar tsana ce kawai aka yi wa kwalliya. Kamfanonin nan sun gyara 'yan mata ɗaruruwa, an canja musu suna an rina musu gashi, yau wa ya san su? Abin da Rita take da shi wanda Cohn bai isa ya saya ya saka mata ba shi ne rawa, wannan wahalar da ta sha tun tana 'yar shekara uku. A 1939 ta samu fitowa 'yar madaidaiciya a Only Angels Have Wings tare da Cary Grant mutane suka fara tambayar wace ce wannan, a 1941 aka ba da aronta ga Warner ta yi The Strawberry Blonde, Fox ɗin da suka sallame ta suka dawo suka are ta a Blood and Sand. A shekarar dai aka haɗa ta da Fred Astaire, wanda a rawar fim ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, suka yi You'll Never Get Rich, shekara ta zagayo suka yi You Were Never Lovelier. Astaire mutum ne mai wahalar gamsuwa, yana iya maimaita taku ɗaya har ƙafa ta kumbura, amma ya ce bai taɓa ganin mai saurin ɗaukar taku kamarta ba, ya nuna mata kafin cin abincin rana ta dawo ta riga ta haddace. A 1944 ta yi Cover Girl da Gene Kelly. Duk wanda ya samu dama ya nemi waɗannan raye-rayen a YouTube ya kalli kafaɗunta da hannayenta, ba ƙafar kaɗai ba, yadda take juyi gaba ɗaya jikin ya tafi tare kuma fuskar tana dariya ta gaske. Matar da ba ta iya haɗa ido da mutane a falo, in kiɗa ya tashi sai ka ga wata daban. A ganina a nan ne kaɗai take da iko da kanta.

Muryar da ake ji tana waƙa kuwa yawanci ba tata ba ce, wasu mawaƙa ne suke rerawa ita ta bi da baki, irin yadda muka saba gani a finafinan Indiya da namu na Hausa, sai dai a can kamfanin ɓoyewa yake don masu kallo su ɗauka ita ce. An ce abin ya dame ta, ta so a koya mata waƙa sosai ba a yi ba.

Sai hoton mujallar Life na watan Agustan 1941, wanda Bob Landry ya ɗauka, tana durƙushe a kan gado da rigar barci. Wata huɗu bayan nan Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, hoton ya bi sojoji har fagen daga, an buga miliyoyinsa, na wata tauraruwar fim Betty Grable ne kaɗai ya fi shi yawo. Samari ne da aka raba da gida, ba su san ko za su dawo ba, suna manna shi a bangon bariki da cikin jiragen ruwa. Daga nan ta daina zama 'yar fim kawai ta zama abin da namiji yake mafarki.

Gilda ya fito a 1946, Charles Vidor ne darakta, Glenn Ford ne abokin fitowarta, furodusa kuma mace ce, Virginia Van Upp, abin da ba kasafai ake samu ba a lokacin. Labarin a wani gidan caca yake a Buenos Aires, wani ɗan caca ya samu aiki wajen mai gidan, rannan mai gidan ya dawo daga tafiya da sabuwar amarya, ashe tsohuwar budurwar yaron nasa ce. Fitowarta ta farko ma kaɗai ta shiga tarihi, mijin ya leƙo ɗaki ya tambaya ko ta kimtsa, sai kawai ka ga gashi ya taso daga ƙasan allo ya watsu baya fuska ta bayyana tana murmushi. Sannan wajen waƙar nan da ta fito da baƙar doguwar riga mai sheƙi wadda Jean Louis ya ɗinka, ba abin da ta cire sai safar hannu doguwa, a hankali take zare ta, da sarƙar wuya, amma mutane suka fita daga silima suna rantsuwa sun ga abin da ba a nuna ba. Muryar ta Anita Ellis ce. Abin da yawancin masu kallo ba su riƙe ba shi ne ma'anar wajen a cikin labarin, Gilda tana yin wannan rawar ne don ta tozarta kanta a gaban jama'a ta ƙona ran mutumin da yake azabtar da ita yana kiranta 'yar iska, wato kuka ne aka yi shi da siffar rawa, kuma a ƙarshen fim ɗin an bayyana cewa duk yawon da ake zarginta da shi ba ta yi ko ɗaya ba. Dokar tace finafinai ta lokacin ma ba za ta bari a ƙare ba haka ba. Amma wa ya damu da ƙarshen? Safar hannun aka riƙe. Akwai maganar da aka fi jingina mata, cewa maza Gilda suke aura su wayi gari su ganta ita. Shekara guda bayan fim ɗin mujallar Life ta laƙaba mata sunan allahiyar soyayya, sunan ya bi ta har kabari.

Aure biyar ta yi, kuma in ka jera su za ka ga kusan abu ɗaya ne yake maimaita kansa. Judson sun rabu a 1942, ta ce ya taimaka mata a sana'a ya kuma taimaki kansa da kuɗinta, ta fito kusan hannu rabbana. Orson Welles ta aura a 1943, lokacin ana kiransa haziƙin Hollywood saboda fim ɗinsa Citizen Kane, suka haifi Rebecca a 1944. Shi ne wanda ta fi so a yadda aka sha faɗa, amma mutum ne da aiki da yawo da mata suka fi gida a wajensa. Auren yana tangal-tangal ya sa ta a fim ɗinsa The Lady from Shanghai, ya tara masu hoto aka datse wannan jan gashin a gabansu aka rina ragowar fari fat. Cohn kamar zai yi hauka, kadarar kamfani ce aka yanke. Fim ɗin bai yi kasuwa ba a lokacin duk da yau ana koyar da shi a makarantun fim saboda wajen harbe-harben cikin ɗakin madubai. Amma duba abin da kyau, maza biyu ne suke rigima a kan gashin mace ɗaya, ɗaya yana so ja don kasuwa ɗaya yana so fari don fasaha.

Ta yi ƙoƙarin ƙwatar kanta fa, ba wai ta zauna ba ne. Ta kafa kamfaninta mai suna Beckworth, daga sunan 'yarta da nata, don ta riƙa samun kaso cikin ribar finafinanta, da shi aka yi The Loves of Carmen a 1948. Mace ta yi wannan a wancan lokacin ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma ta ajiye komai ta bi Yarima Aly Khan, ɗan Aga Khan na uku shugaban mabiya Isma'iliyya, mai dawakan sukuwa da gidaje a Turai. Sun fara nema yana da aure ita ma sakinta bai gama tabbata ba, jaridu suka yi ca, ƙungiyoyin mata da na coci a Amurka har da kiran a ƙaurace wa finafinanta. An ɗaura auren 27 ga Mayun 1949 a Vallauris kusa da Kan a kudancin Faransa, a watan Disamban shekarar ta haifi Yasmin a Lozan ta Suwizalan. Ita abin da take nema gida ne mai shiru, ta rufe ƙofa ta zauna da miji da 'ya'ya, ta huta da kyamara. Shi kuma gidansa kullum cike yake da baƙi, liyafa ba ta ƙarewa, kuma tauraruwar Hollywood ya aura yana so a ganta. A 1951 ta kwashi 'ya'yanta ta koma Amurka, aka raba auren a Janairun 1953, aka kuma yi doguwar shari'a a kan Yasmin, har da batun addinin da za ta tashi a ciki, shi yana so ta tashi Musulma ita tana so ta tashi Kirista a Amurka. Aly Khan bai gaji babansa ba, a 1957 tsohon ya tsallake shi ya ba jikansa Karim, shi kuma Aly Khan ya zama wakilin Pakistan a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasu a haɗarin mota kusa da Faris a 1960.

Ta dawo wajen Cohn ɗin da ta gudu ta bari, don babu kuɗi. Affair in Trinidad a 1952 ya yi kasuwa sosai, aka yi Salome da Miss Sadie Thompson a 1953, sai ta sake faɗawa wani auren da mawaƙi Dick Haymes wanda bashi ya yi wa katutu ga rigimar takardun zama a ƙasa, kuɗinta suka tafi wajen kashe masa wuta, ta yi shekaru ba ta fito a fim ba, auren ya mutu a 1955 bayan ya mare ta a bainar jama'a. Kafin ta dawo Cohn ya riga ya ƙera wata, Kim Novak, ita ma an canja mata suna an rina mata gashi. A Pal Joey na 1957 aka haɗa su fim ɗaya, Rita ce babbar mace mai kuɗi da take riƙe da saurayi, Novak ce yarinyar da yake so, saurayin kuma Frank Sinatra wanda a zahiri ya girmi Rita da kusan shekara uku. Ba ta kai arba'in ba amma an riga an mai da ita tsohuwa. Daga nan ta bar Columbia. Ta yi wasa mai kyau a Separate Tables na 1958, inda ta fito a macen da kyanta ya fara gushewa tana tsoron kaɗaici, masu sharhi suka yaba, amma har ta mutu ko sau ɗaya ba a taɓa sa sunanta a takarar Oscar, babbar kyautar finafinan Amurka, ba, cikin finafinai 61. Aurenta na biyar da furodusa James Hill daga 1958 zuwa 1961 ne.

Toh daga nan ne abin ya fara. Tun a shekarun 1960 ta fara kasa riƙe layukanta, macen da Astaire ya ce tana haddace rawa kafin a gama cin abinci. Sai fushi ba dalili, ta yi baƙi ta manta ta gayyace su ta kore su, ta zargi mutane da sata. A farkon shekarun 1970 aka ba ta babban matsayi a wani wasan dandamali a Broadway, cibiyar wasannin dandamali ta New York, ta kasa haddace maganganun ta janye. Fim ɗinta na ƙarshe The Wrath of God na 1972 layi ɗaya-ɗaya aka riƙa ɗauka, a faɗa mata ta maimaita a yanke a sake. A 1974 'yan'uwanta maza biyu suka rasu cikin sati guda. A Janairun 1976 aka sauko da ita daga jirgi a filin Heathrow na Landan bayan ta rikice a sama, gashi a hargitse ido a firgice, masu hoto suna jira, washegari duniya ta gani. Kowa ya ce giya.

Kuma tana sha ɗin, wannan gaskiya ne, ba za a ɓoye ba, shan ma ya ƙara dagula lamarin ya kuma rufe wa likitoci ido. Amma akwai dalili biyu da suka sa aka ɗau tsawon lokacin nan ba a gano ba. Na farko ita cutar kanta, duk da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana ta tun 1906, likitoci sun yi shekaru da dama suna ɗaukarta cuta ce da ba kasafai ake gani ba, mantuwar tsofaffi kuma a ce gigin tsufa ne kawai, sai a shekarun 1970 aka fara gane cewa yawanci abu ɗaya ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke mutuwa a hankali. Ita kuma ya kama ta da wuri, tana tsakanin arba'in da wani abu zuwa hamsin, shekarun da ba wanda zai kawo wannan a ransa. Na biyu shi ne wanda ya fi ci min rai. Labarin tsohuwar tauraruwa mai aure biyar da kyau ya ƙare mata ta koma kwalba labari ne da jaridu suka riga suka iya rubutawa, ya dace da Gilda, ya dace da abin da mutane suke so su ji a matsayin sakamakon irin wannan rayuwar, don haka ba wanda ya tsaya ya tambaya ko wani abu ne daban. Shekaru tana cikin ruɗani da tsoro, ba ta san me yake faruwa da kanta ba, ana mata kallon wadda ta jawo wa kanta.

Sai a 1980 aka gano Alzheimer ce, aka sanar a 1981, a watan Yulin shekarar kotu a Los Angeles ta danƙa kulawarta a hannun 'yarta Yasmin. Yasmin tana da shekara talatin da ɗaya a lokacin, tana neman zama mawaƙiya, ta ajiye ta ɗauko uwar ta kawo ta New York ta sa ta a gidan da yake manne da nata ta samo masu jinya, ta riƙe ta har ta daina gane kowa. Allah Ya yi wa wannan 'ya albarka, don cikin duk waɗanda suka ci arziki da Rita ba wanda ya yi mata abin da ta yi. Ta rasu 14 ga Mayun 1987 tana da shekara 68, aka binne ta a maƙabartar Holy Cross da ke Culver City a Kalifoniya.

Ita ce fitacciyar mutum ta farko da aka fito fili aka ce tana da wannan cutar, kuma hakan ya canja abubuwa da yawa, iyalai da suke ɓoye nasu marasa lafiyar a ɗaki don kunya suka samu sunan da za su kira abin, kuɗin bincike ya ƙaru. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka a 1980 aka kafa ta, Yasmin ta shiga cikinta da ƙarfinta, ta fara shirya taron tara kuɗi na shekara-shekara da sunan mahaifiyarta tun tana raye, taron da ya tara miliyoyin daloli. Shugaban Amurka na lokacin Ronald Reagan, wanda shi ma tsohon ɗan fim ne na zamaninta, ya fitar da saƙon ta'aziyya ya yaba yadda ita da iyalinta suka bayyana ciwon, a 1994 shi ma ya rubuta wa Amurkawa wasiƙa ya ce likitoci sun gano yana ɗauke da cutar.